Yadda Na Kai Bindigar Mai Lofe Damagaram

Tun da na dawo ba a bar ni na sha ruwa da daɗi ba. In na fito masallaci, "Iro, yaya Damagaram?" In na zauna gindin durumi, "Iro, da gaske ne Faransawa na cin kwaɗi?" Ni ban ga Bafaranshe ya ci komai ba, sau biyu ma na hango su, daga nesa. To yau zan faɗa muku duka, sau ɗaya tak. Wanda ya tashi kama ruwa ya rasa wani wuri ya tambayi na kusa da shi, ni ba na maimaitawa. Ba kuma zan ce ku riƙe a cikinku ba, na san ku, kafin magariba labarin ya kai Tudun Jukun.

Kun dai san shekara bakwai ina masinjan Baturen safiyo, mai awon ƙasa, wanda kuke kira Mai Lofe. Abin da ba ku sani ba bindigarsa ce. Wata 'yar siririya, tsohuwa, ya ce ta ubansa ce. Harsashinta bai kai ƙaramin yatsana ba, ƙararta kuwa kamar an karya kara. Ba nama yake harbi da ita ba, takarda yake harbi. Kowace Asabar da la'asar sai in manna farar takarda mai baƙin ɗigo a jikin katako bayan gida, in ƙirga taku hamsin in ja layi a ƙasa. Ya kwanta rub da ciki ya harba goma. In je in ciro takardar, ramukan duk cikin baƙin, ɓarin goro ɗaya zai rufe su. Sai ya ce, "Iro, ido yana nan." Mai awo da idonsa yake cin abinci.

Da zai tafi hutu ƙasarsu na wata shida, farkon damina, ya danƙa mini gidan da abin da ke ciki. Bindigar kuwa ya ce in bar ta cikin akwatinta, in riƙa shafa mata mai na wani ɗan gwangwani duk mako. Magana ke nan mai sauƙi, ko jaki zai riƙe.

Kwana goma da tafiyarsa aka fasa gidan wani Bature a barikin, aka kwashe kaya. Hankalina ya tashi, na ɗauko bindigar na kawo ta gidana nan Tudun Wada. Wani maharbi abokina, mutumin Dutsen Abba, ya ba ni shawara: in shafe ta da man shanu, in naɗe ta cikin jemammiyar fatar akuya, in huda bangon ɗaki in sa ta, in yaɓe da ƙasa. Ya ce haka suka ɓoye nasu lokacin da Turawa suka bi gari suna karɓar bindigogi, ba wadda ta yi ko tari. Abin da ya manta, ni ma na manta, tasu bindigar toka ce. Ita ko rijiya ka jefa ta ka ciro, ka ɗura mata albarushi za ta tashi.

Sai da kaka ta yi na fasa bangon. Inna lillahi! Gara ta bi ta cikin ƙotar ta cinye, ta bar mini ɓawo, in ka danna da yatsa ya lotsa. Ƙarfen ya yi ja wur. Wurin sa harsashi ya ƙi buɗuwa. Na zauna a ƙasa na ƙirga kwanakin da suka rage Mai Lofe ya sauka a tasha, kwana hamsin ne ba biyu. In ya ga wannan, aikina ya tafi, sunana ma ya bi shi, don ba wanda zai sake ɗaukar masinjan da ya ci amana.

Na fara da wani maƙeri a cikin birni, ba zan faɗi sunansa ba, da yawanku shi ke muku fartanya. Ya jiƙa ta da mai, ya buɗe ta da ƙyar, ya ɗaga bututun ya leƙa wajen rana. Ya ce, "Kai, Malam Iro, tsatsar nan muguwa ce. Dubi yadda ta yi mata tsaga-tsaga a ciki, har murɗewa take. Bar ta, gobe zan zura mata magagari, ta yi sumul kamar cikin gora." Na leƙa, na ga tsagar kuwa, na yi masa godiya na tafi.

Allah ya sa a hanya na biya wajen Saje Garba, tsohon sojan nan da ke zama ƙofar gidansa yana saƙar igiya. Ina ba shi labari ya jefar da igiyar.

"Magagari? A cikin bututun?"

"Haka ya ce, Baba."

"Tashi! Tashi ka ruga, shashasha! Tsagar nan da ita aka ƙera ta. Ita ke murɗa harsashi ya tafi sak. In ya share ta, sandar kora awaki ka mallaka."

Na ruga, da gemuna da komai. Na tarar maƙerin ya riga ya ɗaure ta yana zaɓen magagari. Na karɓe ta, ya yi fushi, har yau ba ya amsa gaisuwata.

Saje ya ce duk ƙasar Ingilishi wanda ya iya irin wannan bindiga ma'aikacin bariki ne, kuma kafin ya taɓa ta sai ya rubuta lambarta ya tambayi yadda ta zo hannuna. Mutum ɗaya ya sani da zai yi aikin ya yi shiru, wani Baba Lawali a Damagaram, ƙasar Faransa. Na ce, "Baba, ai da iyaka a tsakani." Ya ce, "Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa."

Sabon rake ya fara shigowa kasuwa. Na sayi dami guda, na raba ƙarfen da ragowar ƙotar, na naɗe su da tsumma, na sa a tsakiya, na ɗaure tamau. Na ɗebi harsashi biyar na ɗinke a cikin hulata. Na ce wa kuku da mutanen gidana zan je duba wani kawuna mara lafiya a arewa.

Jirgin ƙasa, ku da ba ku taɓa shiga ba, kada ku yi baƙin ciki. Taragonmu ba rufi. Hayaƙi a ido, tartsatsin wuta a riga, ga wata tsohuwa da kaji biyar a kwando suna ta kashi a ƙafata. Amma ba wannan ne ya dame ni ba. Ni da dabarata ban tuna cewa ba a tafiya da rake a hana abokin zama ba. Tun kafin mu bar ƙasar Zazzau wani dattijo ya dubi damin, ya dube ni, ya ce, "Ikon Allah, raken Zariya." Ya sake cewa, "Ikon Allah." A ta uku na zaro masa ɗaya. Shi ke nan na buɗe ƙofa. Tsohuwar kaji ta ce haƙoranta biyu ne amma suna aiki. Kafin Kano sanda shida sun tafi, kowace na zare sai in ƙara jan igiya kada tsumman ya leƙo.

A Kano na sauka Fagge, gidan wani fatoma da ke saukar da fataken arewa. Ɗakin mu tara ne, da sirdin raƙumi da buhunan kanwa, kuɗin cizo kuwa sun fi mu yawa. Kwana biyu na yi kafin a haɗa ni da ayarin Madugu Ɗan Azumi, mai kai goro da baƙin yadi Damagaram. Bakano ne gajere, bakinsa ba ya hutawa. Da ya ji daga inda nake ya tafa hannu ya ce, "Alhamdu lillahi, mun sami Bazazzagi, ba za mu yi kewa ba." Na ce ni ma na gode Allah da ya haɗa ni da Bakano, ko ba komai zan koyi yadda ake sayar wa mutum rigarsa. Muka yi dariya, ya ɗauki damina zai ɗora wa jaki. Sai ya tsaya, ya ɗaga shi, ya sauke, ya sake ɗagawa.

"Rake za ka kai arewa? Ai su ma suna da fadama can wajen Magarya."

"Tsaraba ce ta kawuna mara lafiya, Madugu."

"Na gani. Raken Zazzau da nauyi, kamar da ruwan ƙarfe ake ban ruwansa."

Ya ɗora shi a kan jakin da ke tafiya kusa da shi.

Hanya dai hanya ce. Mu tashi bayan asuba, mu yada zango kafin azahar, mu bar jakuna su ci karan gero. Muka wuce Ɗambatta, ƙasa ta fara zama yashi, dawa ta fara ja baya, gero ya karɓi gona. Daga nan ban sake ganin tuwon dawa ba. Fura da safe, fura da rana, da yamma tuwon gero da miyar kuka mai kanwa har ta yi ɗaci. Cikina ya yi kwana uku yana gardama kafin ya sallama. Jakin da ke ɗauke da kayana kuma yana da wata ɗabi'a, duk inda ya ga yashi mai laushi sai ya kwanta ya yi birgima da kayan a bayansa. Sau biyu na tsinci rakena a warwatse, ina tattarawa ina rufe tsakiyar da rigata. Mutanen ayari suka sa mini suna Mai Rowar Rake. Don in wanke kaina na ci gaba da rabawa, damin kuwa sai ramewa yake.

Bayan Ɓaɓura muka doshi iyaka. Ni na zaci zan ga ganuwa ko kogi. Wani ƙarfe ne kawai aka kafa a tsakiyar gonar wake, mai gonar ma yana nan yana roro, rabin wakensa na Ingilishi, rabi na Faransa. Na tambaye shi wa yake bi. Ya ce wanda ya riga zuwa.

Masu binciken suna can gaba, a wata rumfa bakin hanya. Kafin mu kai, Madugu ya matso kusa da ni yana kallon wani wuri daban, ya ce, "Bazazzagi, mai bincike ba ya son kaya mai ɗaurin tsoro. Sassauta igiyar nan da kanka. In ya zo, kada ka jira, zaro masa biyu mafi kyau ka miƙa da hannu biyu. Ka kuma daina share zufa."

Sojoji biyu ne baƙaƙe dogaye da jar dara, ba Hausawa ba, Hausarsu ba ta wuce "sauke" da "buɗe" ba. Suka bi kayan ɗaya ɗaya, suna zura hannu cikin huhun goro. Sanda tara suka rage mini a lokacin. Na sassauta, na zaro biyu, na miƙa. Sojan ya karɓa, ya gatsa, ya tofar, don raken ya fara tsami. Ya miƙo hannu zai zaɓi wani da kansa. Wallahi na ga tsumman yana leƙowa. Sai Madugu ya kwance bakin huhu ya ɗebo farin goro manya cike da hannu, ya yi wata magana da ta sa ɗayan sojan dariya, shi ma wannan ya juya wajen goron. Aka ce mu wuce. Sai da rumfar ta ɓace mana na ce, "Madugu, Allah ya saka." Ya ce, "Da me? Ni ban ga komai ba. Ka dai koyi ɗaurin kaya."

Rana ta goma sha ɗaya muka shiga Damagaram. Gari ne a cikin duwatsu, kashi biyu, Birni da Zango, ga barikin Faransawa a kan tudu. Abin da ya fara ba ni mamaki ruwa. Mu nan baƙo ya yi sallama a ba shi ƙwarya cike, ya sha, ya wanke ƙafa da sauran. Can moɗa ɗaya za a ba ka, a tsaya a kanka har ka shanye. Na zubar da ragowa a ƙasa ranar farko, matar gidan da muka sauka ta dube ni kamar na zagi ubanta. Sai Buzaye: namiji ya naɗe fuska sai ido, ko abinci zai ci ta ƙarƙashin rawani yake turawa, matarsa kuwa fuska a buɗe, ita ke ciniki, ita ke ɗaga murya. Soyayyar fara a kasuwa tsibi tsibi kamar gyaɗa. Na ci, ba laifi. Kilishinsu kuma, a yi haƙuri, ya fi namu. Madugu ma ya sami daidai da shi, don duk inda ya buɗe baki sai a ce ga Bakano nan, a tambaye shi ko kakansa ya daina gudu tun yaƙin Damagaram da Kano.

Maƙerar Baba Lawali tana cikin Birni, jikin wani dutse. Tsoho ne siriri, kunnensa ɗaya ya mutu tun yana saurayi, lokacin da suke zuba wa sarkinsu igwa kafin zuwan Faransawa. Ƙanensa, shi ma furfura fal, shi ke zuga. Na gaishe shi, na ambaci Saje Garba, na kwance tsumman. Bai taɓa ƙarfen ba sai da ya gama gyara wata 'yar ƙusa da ke hannunsa. Sannan ya ɗaga bututun ya leƙa.

"Wa ya sa wani abu a cikin nan?"

"Ba kowa, Baba."

"Allah ya so ka. Me ake harbi da ita?"

"Takarda."

Ya juyo mini da kunnen da ke ji. "Me?"

"Takarda, Baba. Fara."

Ya dubi ƙanensa, ƙanen ya dube shi. Ya ce, "To, Allah ya ba takarda haƙuri."

Kuɗi bai dame shi ba. Rigata ya duba, ta zuwa Juma'a, mai aikin Zariya a wuya, ya ce ita yake so. Na tuɓe na ba shi a wurin.

Na roƙe shi ƙotar ta fito kamar ta da, kada mai ita ya gane. Ya ce wannan tsakanina da mai ita ne, shi dai zai bi abin da gara ta bari. Ya zaɓi busasshen icen maɗaci. Amma kafin ya sa wuƙa sai ya ce in kwanta yadda maigidana ke kwanciya. Na ce ai ga ɓawon tsohuwar nan, ya auna. Ya ce ɓawo ba ya gaya masa inda kunci ke zama. Haka na kwanta rub da ciki a ƙofar maƙera da sanda a kafaɗa, na rufe ido ɗaya, mata masu ɗebo ruwa suka tsaya suna dariya har ɗaya ta kusa sakin tulu. Ya zagaya ni sau biyu, ya tambayi tsawon hannun Baturen, ya ce in tashi.

Cikin bututun bai sa masa ƙarfe ba ko sau ɗaya. Ya zura wata siririyar sanda, ya narka dalma ya zuba, ta daskare ta ɗauki siffar tsagar. Ya shafa mata mai da garin wani dutse mai laushi kamar kwalli, ya riƙa ja yana turawa, dalmar na bin murɗin da kanta. Yini biyu yana wannan. Da ya ba ni na leƙa, sai da hasken ya sa na ƙifta ido.

Ranar da ya gama goge bayan ƙarfen ya yi fari tas, na ce alhamdu lillahi, saura a mayar da shi baƙi. Ya shafe shi da wani ruwa mai tsami ya rataye a kan tukunyar ruwa. Washegari na zo na tarar da shi ja wur, kamar ranar da na fasa bangona. Ban san sanda na ɗaga murya ba.

"Haba Baba! Kwana goma sha ɗaya na taka a ƙasa don a cire mini tsatsa, kai kuma ka ƙara mata?"

Ƙanen ya daina zuga. Baba Lawali ya ce, "Zauna, mutumin Zazzau, kada ka faɗa wuta. Tsatsar da ta zo da kanta ɓarauniya ce. Wadda ka kira da hannunka aiki take maka." Ya jefa ƙarfen cikin wani dogon kwami na tafasasshen ruwa. Jan nan ya koma baƙi a gabana. Ya goge, ya sake shafawa, ya sake ratayewa. Sau shida ya yi haka cikin kwana shida, kowane zagaye baƙin na ƙara zama, har ya koma irin wanda na sani. Na ba shi haƙuri. Ya ce bai ji ba, ta wajen mataccen kunnen na yi ihun.

Ƙotar ma ta fito. Ya shayar da ita mai da hayaƙi, ya mayar da tsohon ƙarfen gindinta da ƙusoshinta, har wani ɗan tabo da ke wajen kunamar bindigar ya kwaikwaya. Ni da na shekara bakwai ina goge ta sai da na juya ta sau uku.

Muka fita bayan gari wani kududdufi da ya ƙafe, na farke hulata na ba shi harsashi. Ya sa ɗigon gawayi a jikin sakaina, ya ɗora bindigar a kan dutse ya harba. Harsashin ya faɗa hagu da ɗigon, kamar yatsa uku. Ya sake, nan ya sake faɗawa. Ya duba ɗan ƙarfen saiti da ke kan bakinta, ya ce, "Wannan ba aikin tsatsa ba ne. Ta taɓa faɗuwa, tun da daɗewa, watakila tun a hannun uban."

Na ce, "Amma maigidana bai taɓa kuskure da ita ba."

Ya ce, "To ya iya zama da karkatacce. Ni dai ba abin da ke fita maƙerata a karkace."

Ya sa wani guntun tagulla, ya ƙwanƙwasa sau biyu a hankali. Harbi na uku ya cinye ɗigon. Da ina da kai, da a nan na tsaya na yi tunani. Ni kuwa murna kawai nake.

Komowa ba labari. Na naɗe ta gida biyu cikin tabarmin kaba, irin wanda kowa ke sarowa daga can, tabarma kuwa ba mai roƙonka ɗanɗano. A iyaka sojojin na cin abinci, suka ɗaga mana hannu. Na rabu da Madugu a Fagge, ya ce in gaishe da kawuna mara lafiya. Na sauka Zariya saura kwana huɗu, na mayar da ita akwatinta.

Mai Lofe ya dawo ya rame, da sabon tabarau mai kauri. Ranar Asabar ya ce in kawo ta. Ya shafa ƙotar, ya ce, "Ka riƙe ta da kyau, Iro." Na ce, "Ranka ya daɗe." Na manna takarda, na ƙirga taku, ya kwanta ya harba goma.

Na je ciro takardar na tsaya. Ramukan suna nan a haɗe kamar kullum, amma duk a wajen baƙin, ta dama, yatsa uku. A nan na gane. Shekara da shekaru hannunsa ya saba kaucewa dama don ya biya karkatar bindigar, har ya manta yana yi. Yanzu bindigar ta miƙe, shi bai sani ba.

Ya duba takardar, ya ce in sa wata. Na sa. Haka ta sake fitowa. Ya tashi zaune a ƙasa, lofen ya mutu a hannunsa bai kula ba. Ya ce, "Likita a gida ya ce idona na dama ya fara tafiya. Na ce masa ƙarya ne. Iro, mai awo da ke ganin abu a inda ba ya nan zai raba gonakin mutane ba daidai ba. Jibi zan rubuta takardar barin aiki."

Ku duba inda na tsaya. In na yi shiru, ya tafi ƙasarsu, ya bar mini takardar yabo, sabon Bature ya ɗauke ni aiki, ba mai sanin komai har abada. Tsoro na ji sosai. Amma mutumin nan yana zaune a ƙasa yana kallon takarda kamar an aiko masa da rasuwa, kuma ni na jawo.

Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, ba idonka ba ne."

Na faɗa masa duka, tun daga bangon ɗakina har guntun tagulla. Bai katse ni ba. Da na gama ya ɗauki bindigar ya kai ƙotar kusa da tabaransa, ya daɗe yana dubawa. Na ce, "Ka auna baƙin kansa, kada ka kauce ko kaɗan." Ya kwanta. Ya daɗe kafin ya taɓa kunama. Na je na dawo da takardar, rami ɗaya, a tsakiyar baƙin.

Bai yi murmushi ba. Ya ce, "Maƙerin nan gwani ne." Sannan ya ce, "Bindiga mai sunana a takardar gwamnati, ka tsallaka iyaka da ita sau biyu. Da an kama ka, kai kurkuku, ni kuma jirgin ruwa. Na ce ka bar ta a akwati."

"Haka ne, ranka ya daɗe."

"Ba zan kai ka ko'ina ba. Na kuma gode da ka faɗa. Amma ba zan iya sake barin gida a hannunka ba. Gobe ka kawo rigar aiki."

Na yi masa sallama, bai ɗago ba. Ya tashi ya manna sabuwar takarda da kansa, ya ƙirga takunsa da kansa. Ina kan hanyar Tudun Wada ina jin ta a bayana, tas, can kuma tas. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye muku ba, har yanzu ma a ɓace yake. Shekara bakwai ni ke zuwa ciro takardar nan. Ranar ban je ba, amma na san inda kowane harsashi ya shiga.